Yadda Ubale Ya Buɗe Kaset ɗin Sarkin Noma

A Kwanar Dangora, inda motoci ke cin burki su sauke masu buhuna su ɗebi masu kwanduna, akwai wani shago mai ƙofar langa-langa da aka rubuta wa suna da jan fenti: INJINIYA UBALE DIJITAL. Ba wanda ya ba Ubale injiniyancin nan. Shi ya sayi fentin, shi ya hau benci ya rubuta, kuma tun daga ranar duk wanda ya kira shi Ubale zalla sai ya yi kunnen uwar shegu da shi. Sana'arsa ta gaskiya cajin waya ce da tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. Amma ka zauna da shi ko na tsawon shan shayi kofi ɗaya ne, za ka ji cewa manyan Kano ba sa taɓa kwamfuta sai sun bugo masa waya, kuma saura ƙiris a ɗauke shi aiki a ƙasar waje, tsohuwarsa ce ta yi kuka ya fasa. Alhali ko tocila bai taɓa gyarawa ta tashi ba.

Wata ranar kasuwa ya sauko daga motar Kano da kaya niƙi-niƙi: tsohuwar bidiyo irin mai cin kaset, kwamfuta 'yar gwanjo wadda rabin allonta ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba masa tawada, sai wani ɗan abu da bai fi yatsa ba, mai jelar wayoyi uku, ja da fara da rawaya, na haɗa bidiyo da kwamfuta. Ya jera su a kan tebur a bakin titi don kowa ya gani, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, duk mai tsohon kaset a ƙarƙashin gado ya fito da shi. Biki, suna, saukar karatu, tarbar alhazai, duk zan ɗura su a kwamfuta, daga nan su faɗa wayar kowa. Daga Bebeji har Doguwa ba mai wannan aiki sai ni."

Tasi'u mai shayi, wanda teburinsa ke manne da shagon, ya dubi kwamfutar ya karkata kai.

"Injiniya, wannan ai ido ɗaya gare ta."

"Wanda ya rage ya fi naka biyu gani."

"To Allah ya sa. Na ga dai kamar ta sha mari kafin ta zo."

"Ka tsaya a kan ƙwai da burodi, Tasi'u. Harkar nan ta masu ƙwaƙwalwa ce."

Labari ya zaga gari. Waɗanda suka fara zuwa duk 'yan kallo ne, ba mai kaset ko ɗaya. Can sai ga Malam Muzammil dillalin masara ya goyo mahaifiyarsa, Hajiya Baturiya, a kan babur. Tsohuwa ce doguwa mai magana a hankali, yanar ido ta fara cin ganinta, har sai ta matso da abu dab da fuska kafin ta gane shi. Ta zauna a benci, ta kwance ƙullin ɗankwali, ta kwance wani a cikinsa, sannan kaset ya bayyana.

"Ɗan nan, kai ne mai sa mutane a waya?"

"Ni ne, Hajiya. Injiniya Ubale."

"To karɓi wannan da hannu biyu. Malam ne a ciki."

Duk wanda ke wurin ya san wanda take nufi: mijinta marigayi Sale Sarkin Noma, wanda ya rasu tun jikokinsa ba su zo duniya ba. A shekarar da ya yi babbar gayya a gonarsa ta Badafi, aka tara samari da garemani da makaɗan noma, ya ɗauko mai hoto takanas daga Kano ya ɗauki aikin tun daga huɗar farko har cin tuwo. Abin da ya rage na motsinsa da muryarsa a duniya ke nan. Bidiyon gidan ta daɗe da mutuwa, kaset ya zauna cikin adaka shekara da shekaru ba wanda ya kalla. Yanzu ga bikin jikarta Bahijja ya matso, dangi za su taru. Hajiya tana so yaran su ga kakansu yana tafiya da ƙafarsa, ita ma ta ƙara ganinsa kafin idon ya ƙarasa rufewa.

Ubale ya bugi ƙirji. "Hajiya, ki ɗauka an gama. Ranar walima Sarkin Noma zai fito a babban talabijin, tar, kamar jiya aka ɗauke shi. Kowane ɗan dangi zai koma gida da shi a aljihu."

"Akwai abu ɗaya, Injiniya," in ji Muzammil. "A farkon kaset ɗin akwai guntun wani fim na Turawa. Ran nan mai hoton ya manto sabon kaset, sai aka ɗauko na fim a gidan kawunmu, aka ɗora gayyar daga inda aka tsaya da kallo. Ko za ka ɗan matsa gaba, Inna ta ga Baba ko sau ɗaya kafin mu tafi?"

Ubale ya yi irin dariyar da babba ke yi in yaro ya yi shirme.

"Ka ji masu kashe kaset! Tsohon zare ne fa, kowane juyi yana cin ransa. Ni sau ɗaya nake juya shi, daga farko zuwa ƙarshe, kai tsaye cikin kwamfuta. Ba na aikin tsallake-tsallake."

Hajiya ta gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da ta masu ilimi. Ta yi masa addu'a, ɗanta ya goya ta suka tafi.

Ba su ɓace da gani ba Ubale ya ja janareta. Jama'a suka cika ƙofar shago har da masu ɗage. Ya zura kaset, bidiyo ta haɗiye. Sai ga Turawa a talabijin ɗin shagon suna tsere da motoci suna harbin juna. Ya ɗaga yatsa sama don kowa ya shaida, ya sauke shi a kan kwamfuta. Kwamfuta ta yi ƙara ƙiit, wani jan rubutu ya fito a rabin allon da ke da rai, ta tsaya cak. Ya mayar da kaset farko, ya sake. Ƙiit. Ya sake mayarwa, ya sake dannawa da ƙarfi. Ƙiit.

"Me take cewa?" Tasi'u ya tambaya.

"Maraba take yi wa kaset ɗin."

"Da jan rubutu? Da wannan kukan? Ni in aka yi min irin wannan marabar, juyawa zan yi."

Ubale ya matsa kusa, ya haɗa ɗan Turancin da ya tsira da shi daga makaranta, ya karanta yana motsa leɓe. Sannan ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Dama na zata. Kaset ɗin a kulle yake. Masu fim ne suka sa masa kariya don kada a kwafa. Ƙaramin aiki ne a wurina."

A rabin farko na maganar bai yi ƙarya ba. Kamfanonin fim na wancan zamani suna cusa wata alama a zaren kaset, wadda ido ba ya gani a talabijin, amma duk na'urar da ta zo kwafa sai ta ji ta, ta ƙi. Sai dai alamar a jikin fim ɗin kawai take. Inda aka ɗora gayya, an goge ta tare da fim ɗin tun tuni. Da Ubale ya danna maɓallin gudu ya wuce Turawan nan da bindigoginsu, da kwamfuta ta karɓi Sarkin Noma hannu bibbiyu, da labarin nan ya ƙare lafiya. Amma Ubale ba ya tsallake. Ya faɗa a gaban jama'a, kuma ya gwammace ya haɗiyi garwashi da ya janye.

Dabarar farko da ta faɗo masa ita ce ya yaudari kaset ɗin. Ya hau acaɓa zuwa Bebeji, ya aro wata tsohuwar bidiyo a wurin mai gidan kallo, ya haɗa biyun baki da baki, wai zai juye hoton a wani kaset wanda ba a kulle ba. Ya juye kaɗan, ya kunna don jama'a su yaba. Hoton ya fito da haske kamar rana, sai ya dushe ya yi duhu, sai ya sake haskawa, sai ya sake dushewa. Fuskokin Turawa suka koma kore, sannan shuɗi, saman allon yana lanƙwashewa.

Kande mai ƙosai, wadda ta bar kasko a wuta ta zo leƙe, ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Mamacin ne ba ya so. Bawan Allah yana kwance lafiya a makwancinsa, a ce sai an cusa shi a waya tare da waƙoƙin 'yan rawa?"

"Kande, wannan kimiyya ce."

"Kimiyyar ce take ƙifta ido haka?"

"Sigina ce take hawa da sauka."

"To ka ce wa siginar ta yi haƙuri, mu ba ruwanmu."

Kafin azahar maganar ta kai tasha. Masu waya a caji suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zare kayansu, wai kada abin ya shafe su. Wani direba ya rantse cewa tunda wayarsa ta yini a shagon take kiran surukarsa da kanta. Mata in sun zo wucewa sai su ja mayafi su ƙara sauri.

Ubale bai karaya ba. Damina ce, don haka ya yanke hukunci cewa sanyi ne ya kama kaset, shi ya sa kullin ya cije. A matsayinsa na mai cajin waya ya san maganin duk abin da ya sha ruwa: shinkafa. Ya sayo kwano guda, ya binne Sarkin Noma a ciki har ya ɓace, ya rufe da faifai. Da ya tono shi ya ɗan hura masa iska sama-sama, ya zura a bidiyo. Bidiyo ta ɗauki kaɗa caki. Ƙwayoyin shinkafa suka riƙa tsalle a cikinta, wasu na fitowa ta ƙofar kaset, kajin maƙwabta suka shigo shago a guje suka kewaye teburin.

"Injiniya," Tasi'u ya leƙo da ludayi a hannu, "in ta dahu a zubo min da wake."

"Fita min daga ofis!"

Sai da ya kwance bidiyon gaba ɗaya ya kakkaɓe. Da ya zo goge cikinta bai da man da ake gogewa da shi, sai ya tuttula mata turarensa na zuwa Juma'a. Ya ɗaure, kusoshi suka yi saura, ya zuba su a aljihu ya ce dama na ado ne. Allah ya taimake shi ta tashi. Shago ya ɗauki ƙamshi kamar ɗakin ango, kwamfuta kuwa ta ci gaba da ƙiit ɗinta.

Duk lokacin da Muzammil ya bugo waya, amsa ɗaya ce: "Saura ƙiris, Malam. Ina tace hoton ne, don ƙurar gonar ta yi yawa."

Da biki ya ƙarato sosai, Tasi'u ya kawo masa shayi ya zauna a gefensa, ya sassauta murya.

"Ubale, ka ji shawara. Tunda talabijin yana nunawa, ranar walima ka ɗauki bidiyon nan ka kai gidan, ka kunna musu kaset ɗin yadda ake yi a da. Tsohuwa ta ga mijinta, kowa ya huta."

Ubale ya ajiye kofi. An taɓa shi a inda ya fi ciwo.

"Yadda ake yi a da? Ni? In shiga taro da kaset a hammata kamar mai tallan goro? Na ce zan sa shi a waya, kuma sai ya shiga waya ko yana so ko ba ya so. Sannan sunana Injiniya."

Ana gobe walima ya yi sammakon Kano, ya shiga kasuwa wurin masu kayan lantarki. Wani mai shago ya fara yi masa bayani: akwai wani ɗan akwati da ke wanke alamar, amma babu shi a ƙasa sai an yi oda. In ba haka ba, wasu tsofaffin kyamarori in aka ratsa da hoton ta cikinsu, daga bidiyo zuwa kyamara, daga kyamara zuwa kwamfuta, suna zubar da alamar a hanya. Ubale bai ji rabin bayanin ba, don tun mutumin bai rufe baki ba yake ta cewa, "Na sani, na sani, dama gwada ka nake yi." Abin da ya shiga kunnensa kalma ɗaya ce, kyamara. Ya zarce Tudun Wada, ya roƙi wani tsohon mai ɗaukar biki ya ba shi aron wata ƙatuwa irin ta saɓawa a kafaɗa.

Ranar walima da hantsi ya baje kaya. Ƙaramin janaretansa ba zai ɗauki talabijin da kyamara tare ba, don haka ya zare talabijin ya tura shi ƙarƙashin tebur. Ya ɗora kyamara a kan kwali tana fuskantar kujerarsa, ya cire mata murfin ido don ta sha iska. Sannan ya kama wayoyi yana cusawa duk inda rami ya yi daidai da kai. Ya haɗa su a juye: kyamara tana zuba wa bidiyo, bidiyo tana zuba wa kwamfuta. Ya kunna kaset. Ƙiit.

Gumi ya keto masa. Ya bi maɓallan bidiyo ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, har ya iso kan wani ja, na ɗaukar hoto, da bai taɓa taɓawa ba. Yana danna shi, bidiyo ta yi gurnani ta tofo kaset waje. Ya mayar, ya danna ja, ta sake tofowa. Ya ɗauki kaset ya jujjuya shi a hannu, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan rami mai kusurwa huɗu a bayansa, gefensa da tabon tsohon danƙo.

"Tasi'u! Zo ka ga makullin Turawa! Ramin nan ne iska ke shiga, kullin ya ɗana. Miƙo salatif!"

Ramin nan kuwa shi ne kaɗai mai gadin Sarkin Noma. Muddin yana buɗe, ba bidiyon da za ta yarda ta ɗora wani abu a kan kaset. Mai hoto ya liƙe shi ranar gayya don ya samu ya ɗauka, da ya gama ya ɓare ya miƙa wa mai gona kayansa. Shekaru sun wuce ramin yana aikinsa shiru, sai yau da Allah ya haɗa shi da injiniya.

Ubale ya liƙa salatif har ninki biyu, ya mayar da kaset farko, ya danna ja. Bidiyo ta karɓa ba gardama. Ya danna kwamfuta. Ba ƙiit, ba jan rubutu. Lambobi suka fara gudu a rabin allo mai rai. Ɗan tagar da ke nuna hoton da ake ɗauka kuwa ya faɗa a rabin da ya mutu, ba abin da ake gani sai baƙi.

Ubale ya yi tsalle har kansa ya bugi kwanon rufi.

"Na buɗe! Ku gaya wa Turawa Ubale ya buɗe!"

Ya aika aka sayo masa ɗanwake da yaji, ya tuɓe riga saboda zafi, ya baje a kujera. Tasi'u ya jawo benci, suka ɓarke da hira irin ta mutanen da suka tabbata ba mai jin su. Kyamara tana kan kwali ta zuba musu ido. Suna nan har rana ta take, har janareta ya yi tari ya mutu don mai ya ƙare.

"Daidai ya ƙare," in ji Ubale. "Lissafi ke nan."

Yana juye aikin a filashi Muzammil ya tsaya da babur, ya sha babbar riga.

"An samu, Injiniya?"

"Tun ɗazu. Jiranka nake."

"Ka duba kuwa?"

"Mai shakkar aikinsa ne ke dubawa. Mu je."

Ya sa shaddarsa ta Sallah, ya ɗora bidiyo da kwamfuta a cinya don dangin ango su ga kayan aiki, suka nufi cikin Dangora.

Bayan la'asar tsakar gidan Sarkin Noma ta cika maƙil. An kafa rumfa, maza a tabarmi ta wannan gefe, mata ta wancan, yara a gaba sun tanƙwashe ƙafa. Dangin ango sun zo mota guda daga Doguwa. Tasi'u da Kande ma sun rufe sana'a sun zo cin shinkafa. An ɗauko babban talabijin da lasifika, an ajiye wa Hajiya Baturiya kujera a gaban kowa. Ta yi kwalliya da sabon leshi, har da kwalli a idon da ba ya gani sosai.

Ubale ya karɓi makirfo ba wanda ya miƙa masa. Ya yi bayanin yadda Turawa suka kulle kaset da kulli bakwai, yadda injiniyoyin Kano suka ɗaga hannu, yadda shi kaɗai ya tsaya. Sai da wani dattijo ya ce, "Yaro, rana na faɗuwa," sannan ya soka filashi ya danna.

Wani ƙaton hanci ya cika allo. Hancin ya ja baya, sai ga mutum ba riga, tumbi a waje, ya rungume kwano yana auna loma.

Hajiya ta ƙanƙance ido ta miƙa wuya.

"Muzammilu, wannan ba Malam ba ne. Malam ba ya tauna da baki buɗe."

Yara suka fara ƙyalƙyala. Lasifika ta ɗauki murya, rangaɗaɗau, har maƙwabta na ji.

"Ka ga lambobin nan suna gudu, Tasi'u? Wallahi ni kaina ban san abin da na taɓa ba."

Dariya ta tashi daga gefen maza. Ubale ya daka tsalle zai kashe, ƙafarsa ta harɗe da wayar fanka, ya kife a kan tabarmar dattawa, hula ta yi nata wuri. Ubalen cikin talabijin bai damu ba, ya lashi yatsa ya ci gaba.

"Shi Muzammil ɗin nan, ai mudun da yake saye da shi daban, wanda yake sayarwa da shi daban. Kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa."

Manoman da ke wurin suka juya gaba ɗaya suka dubi Muzammil.

"Angon kuwa ka ga kansa? Hular da za ta shige shi sai dai a auna da igiyar guga."

Mutanen Doguwa suka miƙe tsaye. Ango ya kai hannu ya taɓa hularsa. Tasi'u yana dariya har da riƙe ciki, sai ya ji tasa muryar ta fito daga gefen allo.

"Ai mutanen garin nan ba sa gane komai, Injiniya. Ganyen shayin shekaranjiya nake juya musu, suna cewa ya yi kauri. Kande ma man ƙosanta tun na Sallar bara ne."

"Ni?" Kande ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu. "Tasi'u, ni? Yau sai ka faɗa min wanda ya ba ka ajiyar kaskona!"

Wuri ya kaure. Masu riƙe Kande na riƙewa, masu ba dangin ango haƙuri na bayarwa, wani tsoho yana ta tofar da yawu yana tuna shayin da ya sha da safe. Da ƙyar wani ya zare filashi. Ubale ya miƙe, ya kakkaɓe shadda, ya ɗaga hannu biyu. Ko a nan bakinsa bai mutu ba.

"Jama'a, a kwantar da hankali! Kuskuren kwamfuta ne. Ta saba da ni ne, shi ya sa ta ɗauki hoton mai ita. Asalin kaset yana nan lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Yanzu za ku ga Sarkin Noma."

Ya haɗa bidiyo da talabijin, ya mayar da kaset farko, ya kunna.

Ƙaton hancin nan ya sake cika allo.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Hatta Kande ta saki ɗamara. Ubale ya tsaya baki buɗe, ya dubi allo, ya dubi bidiyo, sai a lokacin abin da ya aikata ya sauko masa tun daga ka har ƙafa.

"Ina Malam?" Hajiya ta tambaya.

Ta juya wajen ɗanta.

"Muzammilu, da kai nake. Ina babanka?"

Muzammil ya ture Ubale gefe, ya durƙusa gaban bidiyo ya danna maɓallin gudu. Ubalen cikin allo ya riƙa cin ɗanwake da sauri, yana wurga hannuwa, yana sosa ciki, yana hamma, yana sakace. A ƙarƙashin kowace loma akwai kunyar da aka huɗa, da kiɗan da aka yi, da mutanen da yawancinsu yanzu suna ƙasa, duk sun tafi. Zare yana ta tafiya, yana ta ƙarewa. Wata jika ta fara kuka, uwarta ta toshe mata baki.

Can dab da ƙarshe allo ya yi yayyafi, ya yi rawa, sai ga koren gona. Muzammil ya saki maɓalli.

Gindin wata ɗorawa ce, an jera akusa, samari sun zube a ƙasa jikinsu duk laka. Wani dogon mutum mai faffaɗar kafaɗa, da malfa a ka, ya ba da baya yana raba nama. Ya juyo, ya share goshi da hannun riga, ya dubi mutane kai tsaye ya yi dariya, har ana ganin wushiryarsa.

"Kai mai hoto, ya isa haka nan! Ajiye abin nan ka zo ka ci tuwo. Baturiya! Ƙaro masa miya!"

Kaset ya kai ƙarshe, ya yi ƙas, ya tsaya.

Hajiya ta waiwayo ta dubi ɗanta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna," in ji Muzammil.

Ta kama hannun kujera ta ja ta gaba da kanta, ta sake ja, har fuskarta ta kusa taɓa gilashin.

"A mayar min."

Ubale, wanda kunya ta hana shi ko guduwa, ya ga kamar ga ɗan abin da zai iya. Ya matso a sanyaye ya miƙa hannu wajen bidiyo. "Hajiya, bari in..."

Ta cafke wuyan hannunsa ba tare da ta dube shi ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ba kai ba, ɗan nan."

Ya janye hannu ya koma baya, ya tsaya a jikin bango kansa a ƙasa. Muzammil ya mayar kaɗan, ya kunna. Mutumin ya sake juyowa, ya sake share goshi, ya sake dariya.

"Baturiya! Ƙaro masa miya!"

Tsohuwa ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin.

"To, Malam," ta ce.